A Tambayi Maƙwabta

Malam Barau da ɗansa Sufyanu sun baro asibiti. A tashar Mafara Sufyanu ya saya masa fura. Ya karɓa ya ajiye tsakanin ƙafafunsa, har suka iso Damri bai taɓa ta ba.

Wata takwas ke nan fitsari yana yi wa tsohon gardama. Alwala ba ta zama. Ya bar sahun farko ya koma bakin ƙofar masallaci, wai don iska. Daga matarsa Rabi sai babban ɗansa Sufyanu suka san dalili.

Likita ya yi musu bayani dalla-dalla. Akwai wani ɗan ƙullutu ƙarƙashin mafitsarar namiji, nan ake zargin ciwon daji. An sa allura an tsakuro tsoka, ba a ga komai ba, amma allura takan kuskure wurin. Maimakon a sake sokar dattijo, ana iya aika tsokar da aka riga aka ɗiba zuwa wani ɗakin bincike mai nisa. Idan daji na kusa, lafiyayyen naman da ke kewaye da shi yakan sake hali, wasu ƙwayoyin halitta na gado su farka, wasu su yi shiru. Wannan za a duba. Sai dai sai mai jiki ya sa hannu kafin Litinin, ranar da za a aika.

"A taƙaice, Baba," in ji likitan yana murmushi, "tunda ba mu sami mai gida ba, maƙwabta za mu tambaya."

Nan Malam Barau ya ture takardar, ya nemi takalmansa.

Kwana uku Sufyanu bai buɗe shagonsa na maganin feshi ba. In babu sa hannu sai allura, tsoho kuwa ya rantse ba za a sake kwantar da shi haka ba. Ranar Asabar da hantsi ya bi shi gona. Suka gaisa, ya gida, ya ruwa, ya gajiya, kowa idonsa a ƙasa.

"Takardar tana aljihuna, Baba."

"Ta zauna nan."

"Mi ya sa?"

Tsoho ya dogara da ƙotar hauya. "Shekara arba'in katangarmu ɗaya da Gajere. Gajere, wanda in akuyarka ta yi tari sai an ji a Bakura. Shi za a tambaya yadda nike fitsari? Ka bar ni in tahi da mutuncina."

Dariya ta taso wa Sufyanu, ya danne ta. Ya tuna lokacin da likita ke bayani, idon mahaifinsa na kan ƙofa, yana matse ƙafafu. Maganar ƙarshe kawai tsohon ya ji. Ita ya kwana uku yana ɗauke da ita shi kaɗai.

Ba a ce wa uba bai gane ba. Sufyanu ya dubi kunyoyin dawa, ya nuna wata dawa da ta tsumbure, ganyenta ya yi ruwan ɗorawa.

"Wagga mi ya same ta?"

"Ƙuduji."

"Ban ga ƙuduji ba. Ko hure ɗaya babu."

"Kai ne mai shagon magani?" Tsoho ya yi tsaki. "Yana ƙasa, ya kama saiwa. Sai ya daɗe bai leƙo ba. Dawar za ka duba, ita za ta hwaɗa maka."

"To ita ce maƙwabciyar, Baba, ba Gajere ba. Naman jikinka da sunka ɗiba za su duba, kamar yadda ka dubi ganyen ga."

Malam Barau ya dubi dawar. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya tona gindin dawar da bakin hauya. Ga fararen tsiro nan sun liƙe wa saiwa.

"Ba mai zuwa Damri?"

"Ba kowa."

"In sunka gani fa?"

Sufyanu ya so ya yi masa ƙarya. "Ban sani ba, Baba. Sai dai a kama shi tun bai leƙo ba."

Tsoho ya goge hannu a jikin rigarsa. "Likitan ga bai iya magana ba. Juya."

Sufyanu ya ba shi biro, ya juya, ya rusuna. Ya ji takardar a gadon bayansa, ya ji biro yana tafiya daga dama zuwa hagu, a hankali, cikin ajami. 

"Ka kai da kanka," in ji Malam Barau, ya ɗauki hauyarsa. "Kuma kar ka bi ta ƙofar Gajere."