Ɗamarar Baba

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun safe, na raka Baba asibiti. Ni kaɗai ne marar aikin yi a gidanmu, tunda na ajiye makaranta, garejin da aka kai ni ma na gudo.

Likita ta ce ɗan ƙari ne a cikinsa, sai an cire.

"Huda huɗu ƙanana za mu yi, mu zura kyamara da kayan aiki, kwana uku ka koma gida," in ji ta. Sai ta nuna teɓarsa da biro. "Amma kitsen da ke cikin nan yana tare mana gani. In ban ga wurin sosai ba, dole in tsaga. Ka rage inci huɗu kafin wata biyu."

Baba tela ne, shekara talatin yana yanka yadi, amma da ya ji kalmar tsagawa sai gumi ya keto masa.

Kwana uku ya yi yana zagaya unguwa a ƙafa. Rana ta huɗu na same shi a shago, ga biredi da nama a kan keken ɗinki.

"Kai, rufe ƙofa," ya ce. "Ba inci huɗu ba ne? Mutum nawa na rage wa inci huɗu a shagon nan?"

Ya ɗinka ɗamara da kaki ninki uku, ya zura mata igiyoyin takalman ƙwallona. Kullum da safe ni ke dafa gwiwa a bayansa in ja, yana nishi yana cewa, "Ƙara, ragon banza!" Mama ta auna shi ta kan riga, inci huɗu cif. Don murna ta ƙara masa abinci.

Ranar aiki nas ta miƙo masa rigar asibiti.

"Baba, a cire komai."

"Har wannan? Ta ciwon baya ce, 'yata."

"Har ita."

Na kwance igiyar. Teɓa ta faɗo, har da ƙarin inci biyu.

Likita ta daɗe tana kallonsa. "Baba, ai kyamarata ba rigarka take kallo ba." Ta ce ƙarin da ke cikinsa ya fara zubar da jini, ba za a ɗaga aikin ba, amma za ta gwada da kyamarar.

Aikin awa biyu ya ci huɗu. Ta fito ta gaya wa Mama cewa ko'ina ta juya kyamara kitse take gani, dole ta tsaga. Ƙarin dai ya fita.

Da aka buɗe bandeji, Baba ya leƙa cikinsa ya ɓata fuska.

"Likita, wa ya koya miki ɗinki? Layin nan ya karkace."

"Yadin ne ya yi kauri, Baba."

Abin da muka rasa: kwana goma sha ɗaya a asibiti maimakon uku, wata biyu shago a rufe, yadi biyu na kaki, da igiyoyin takalmana guda biyu. Daga teɓar, ko inci ɗaya.