Larabar Mama

"Guda tara ne yanzu," in ji 'yata Hedda, tana jawo su ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashin gadon kakarta. Wasu ƙananan filo ne masu ƙyallin azurfa, an hura su da baki sun yi tim, kowanne da ɗan baƙin famfo a gefe. Ta ɗora kan 'yar tsanarta a kan ɗaya, ta ja mata bargo.

"Wa ya ba ki waɗannan?"

"Kaka mana. In kwalin ya ƙare sai ta yage shi, ta zaro jakar ciki, ta matse ta tas a kofi, sannan ta hura min. Ni ma na iya danna famfon. Ba na zubarwa."

Shekarar Hedda biyar, kuma da alfahari ta faɗa. Na tsuguna ina kallon jakunkunan. Kowace ɗaya lita uku ce ta giyar inabi, kuma na san babu ko guda a nan lokacin hutun bazara, don ni na share ƙarƙashin gadon. Ga shi ko Oktoba bai ƙare ba.

Daga kicin na jiyo muryar mahaifiyata, Gunvor. "Lovisa, kofi ya yi. Ki ce wa uwar ɗakina ta wanke hannu, ga burodin kirfa."

Na tura jakunkunan inda suke, na je na sha kofi. Har na yaba burodin.

* * *

A garinmu na Härnösand kowa ya san kamannin mashayi, kuma gidanmu ya fi kowa sani. Mahaifina Rune farar barasa yake sha, irin mai ƙona maƙogwaro, daga kwalbar da yake ɓoyewa a cikin takalmin aikinsa. Mun ɗauko shi daga bakin ƙofa, mun ɗauko shi daga cikin dusar ƙanƙara. Shekara talatin da ɗaya Mama tana dafa wa yaran firamare abinci da rana, tana wanke amai in ta dawo, ita kuwa ko ɗigo ba ta taɓa kai wa bakinta ba.

Bayan rasuwarsa gidan ya yi mata girma. Ni ce na matsa mata ta shiga ƙungiyar matan unguwa masu taruwa ran Alhamis suna koyon ɗanɗanar giyar inabi. Ni ce kuma na sayo mata kwalin farko, na Afirka ta Kudu, mai hoton raƙumin dawa a jiki. Na ce mata yanzu ba sai mai hali ba, ta ƙasashen kudu ta zo da araha, ga daɗi, ga shi ba ta lalacewa in an buɗe. Ina jin kaina 'ya ta gari a ranar. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai.

Mama ta koyi karatun da kyau. Ta san ta Chile, ta san ta Ostareliya, ta san wadda ke tafiya da kifi. Takan ɗaga kofi mai dogon wuya ta shinshina, ta ce tana jin ƙamshin lemo da ciyawa. Muna dariya, muna cewa tsohuwa ta waye. Kwalba dai ana ganin inda ta tsaya. Kwali kuwa yana nan a firji kusa da madara, yadda yake jiya haka yake yau, ba wanda ya san abin da ya rage sai wanda ya ɗaga shi. Mu kuma ba mutanen ɗaga kayan wani ba ne. Mun gwammace mu yi shekara muna zancen yanayin gari da mu tambayi mutum abin da ke damunsa.

Abu ɗaya ne ya rage wa Mama a mako wanda take shiri dominsa: Laraba. Ƙarfe uku take ɗauko Hedda daga makarantar reno, su biya ta bakin ruwa su ba agwagi ɓawon burodi, su zauna tare har in tashi daga aiki. A ofishin makarantar akwai takardar waɗanda aka yarda su ɗauki yaro. Sunaye biyu ne a ta Hedda, nawa da na Mama. Ranar da aka rubuta nata har hoton takardar ta sa na ɗaukar mata.

* * *

Wata Laraba cikin Nuwamba, uku da kwata, Malama Berit shugabar makarantar ta kira ni a wurin aiki. Ta ce Hedda lafiya lau, amma in zo.

A garinmu rana da wuri take faɗuwa lokacin sanyi, don haka ta riga ta faɗi, yara suna wasa a farfajiya ƙarƙashin fitilu, kusan rabinsu cikin jar rigar sanyi iri ɗaya mai haɗe da wando. Berit ta shigar da ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce Mama ta shigo ta gaida kowa, ta kama hannun wata yarinya, ta gyara mata hula, ta ja ta. Yarinyar ba Hedda ba ce, wata ce mai suna Tilde. Sun kai ƙofar fita, yarinyar tana tirjewa, Mama tana lallashinta da zancen agwagi, kafin wata malama ta tare su.

"Duhu ne," na ce. "Rigunan nan duk ɗaya ne. Ni kaina na taɓa..."

"Lovisa." Ta dube ni. "Na tsaya kusa da ita. Kuma ba yau ne farko da muka ji warin giya a jikinta ba."

"To me ya hana ku faɗa mini?"

"Mun ɗauka kin sani."

Na kuwa sani ɗin. Ta zaro takardar daga fayil ta ajiye a gabana. Ta ce ba ta son abin ya kai ga ofishin kula da yara, amma doka ta ɗaure ta, muddin sunan Mama yana nan kuma aka sake, dole ta kai rahoto. Na roƙe ta ta ba ni kwana biyu.

A mota na tambayi Hedda inda take lokacin da abin ya faru.

"A kan lilo. Na ce Kaka ga ni nan, ba ta ji ba." Ta ɗan yi tunani. "Ta fi son Tilde ne yanzu?"

* * *

Washegari da hantsi na je gidan. Mama ta yi wanka, ta shimfiɗa ƙyallen tebur na baƙi. Ta san abin da ya kawo ni.

"Kofi biyu na sha da abincin rana," ta ce tun ban zauna ba. "Kofi biyu. A Faransa ko yara sun fi haka."

"Mama, 'yar mutane kika ɗauka."

"Su suka ce kowa ya sayi jar riga? Ga ido ya tsufa, ga duhu. Ke ba ki taɓa kuskure ba, sarkin daidai?"

"Kwali nawa kike sha a mako?"

Ta ajiye butar kofin da ƙarfi. "Kin taɓa ɗauko ni a bakin ƙofa? Kin taɓa wanke mini amai? Ni za a gaya wa mashayi? Shekara talatin na kwana da shi. Abin da nake sha, likitoci na sha, limamin cocinmu na sha. Ke kanki ran Juma'a me kike zubawa in kin kwantar da yarinya, shayi?"

Nan ta same ni. Akwai kwali a firjina, na Ajantina, kuma ni ma ban taɓa ɗaga shi don in ji nauyinsa ba.

Na sassauta murya. Na ce mata ba faɗa na zo yi ba. Sunanta zai zauna a takardar in ta yarda mu je asibiti tare ran Litinin. Ni ma zan zubar da nawa, mu bari tare. Abu ɗaya kawai nake so in gani yanzu: ta ɗauko wanda ke firji mu tsiyaye shi a wurin wanke-wanke.

Ta dubi hoton Hedda da ke manne a ƙofar firjin. Idonta ya kawo ruwa, har na fara miƙewa don in rungume ta. Ta kama hannun firjin, ta tsaya.

"Jiya-jiya na buɗe shi," ta ce a hankali. "Bari wannan ya ƙare tukuna. Ba kyau a yi ɓarna."

Na sha ganin mahaifina a yashe a ƙasa ban yi kuka ba. Ranar sai da kuka ya sa na tsayar da mota a hanya.

Da Juma'a na je ofishin Berit. Ta miƙo mini biro, na ja layi a kan sunan matar da ta haife ni, na sa hannu a gefe. Na aika wa Mama saƙo a waya don na kasa kiranta. Ba ta ba da amsa ba.

* * *

Laraba ta zagayo. Na nemi izini a wurin aiki, na isa makarantar uku saura. Ina ɗaure wa Hedda igiyar hula a bakin ƙofa na hango Mama a tsallaken titi, a rumfar jiran bas. Ta sa kwat ɗinta na zuwa coci, ta riƙe jaka da hannu biyu, ta kafa ido a hanya kamar mai sauri zuwa wani wuri. Daga gidanta zuwa nan tafiyar minti biyar ce a ƙafa.

"Ga Kaka can," in ji Hedda, ta ɗaga hannu.

Mama ta ɗaga nata rabi, ta mayar. Bas ya zo ya tsaya a tsakaninmu, na ji buɗewar ƙofarsa, direban ya ɗan jira, ya rufe ya wuce. Tana nan tsaye inda take.

"Ba ta shiga ba," in ji Hedda. "Mu take jira?"

"Wani bas ɗin take jira," na ce, na ƙara riƙe hannun Hedda, muka nufi inda na ajiye mota.

Layin nan bas ɗaya ne ke bi ta cikinsa.