Leshin Gadon Maame Adwoa

Tun tana budurwa Barkisu take saƙar leshi da kwarashi a ƙofar ɗakinsu a Zongo. Yawanci bakin mayafin amare take yi, wani lokaci marufin tebur. Kowane zane da sunan da ta raɗa masa: idon zabo, gidan zuma, sawun kaza.

Wata Talata sai ga Serwaa, 'yar Maame Adwoa mai shagon zare a Adum, inda Barkisu ta daɗe tana sayayya. Ta gaishe ta da Hausarta ta kasuwa, ta ce tsohuwar ta rasu.

"Mma Barkisu, ita ta bar wasiyya. Leshinki za a shimfiɗa a gadon da za a kwantar da ita mutane su yi bankwana. Ba ta son na kanti."

"Yaushe ne?"

"Sai dangi sun iso daga Turai. Da sauran lokaci."

Barkisu ta zaɓi farin zare, ta kama gidan zuma, ta zuba furanni a tsakiya. Ƙanenta Brimah, kafinta a Anloga, ya leƙo ya ga aikin.

"Yaya, leshin gawa kuma? Wannan ba al'adarmu ba ce."

"Saƙa aka ce in yi," in ji ta, ba ta ɗago kai ba.

Ranar jana'iza ta hau tiro-tiro, ƙaramar motar haya, zuwa Tafo. An kwantar da Maame Adwoa cikin zanen kente da sarƙoƙin zinariya, leshin ya sauko har ƙasa. Barkisu ta bi layi, ta duba, ta yi wa 'ya'yan gaisuwa ta koma gida.

Bayan binnewa rigima ta tashi, don 'ya'ya matan uku kowacce leshin take so. Kawunsu ya gaji, ya ɗauki almakashi ya raba shi. Saƙar kwarashi kuwa in an yanka warwarewa take yi. Serwaa ta dawo da guntayen a leda, kanta a sunkuye.

Barkisu ta baje su a tabarma, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yanka?"

"Kawunmu."

"Hannunsa ba ya tafiya daidai."

Ta tsince zaren da ya saki, ta ɗaure bakin kowane gunta. Furen tsakiya bai gyaru ba, ta cire shi. Na autarsu ya fito ƙarami, autar ta yi ƙorafi ta waya, sai Barkisu ta ƙara masa layi biyu na sawun kaza.