Tumatirin Malam Tambaya

Shekara biyu ke nan Kubra tana gina farantan yumɓu a wani ɗan shago a Kura, ta zana musu ado da burushi, sannan ta gasa. Amare har daga Dawakin Kudu suke zuwa saye. Mutum guda ne ya ƙi cin abinci a farantinta, mahaifinta Malam Tambaya, kuma abin yana ci mata rai ƙwarai. Shi dai a bar shi da tsohon kwanonsa na samira, wanda ya sha faɗuwa har fentinsa ya ɓare.

Wata Laraba ya biyo ta shagon daga gona, ƙafa duk taɓo. Ya tarar tana zana reshen tumatir a tsakiyar faranti. Ya sunkuya ya duba, ya taɓe baki.

"Kubra, wannan mene ne?"

"Tumatir ne, Baba."

"Na wace ƙasa? Shekara arba'in ina noman rani a Kadawa, ban taɓa ganin tumatir mai ganyen mangwaro ba. Kuma duk girmansu ɗaya kamar ƙwan zabi. Ki kai irin wannan tumatir kasuwa, dillalai su yi miki dariya."

Kubra ba ta yi musu ba. Ta jawo sabon faranti, ta miƙa masa burushi da hannu biyu.

"To Baba, a koya mana."

Da ya san haka da ya yi shiru. Hannun da ke juya fartanya tun asuba sai ga shi ya kasa sarrafa ɗan burushi. Ya ciji leɓe, ya haɗa gumi, jan fenti har a gemu. Tumatirin ya fito a karkace, wani ƙato wani ɗan mitsitsi. Amma ganyen, a faɗi gaskiya, na tumatir ne sak. Ya ajiye burushi ya ce fentin ne ba shi da kyau, ya yi gaba.

Kubra ta gasa farantin. Ranar Juma'a ta je gida, ta ɓoye samirar, ta malmala tuwon shinkafa a kan zanen har ya rufe shi ruf, ta kai masa.

"Ina kwanona?"

"Baba, tumatirinka yana ƙarƙashin tuwon nan. Wuta ta fito da shi yadda ba ka zata ba."

Ya harare ta, ta fice, ta laɓe a bakin ƙofa. Malam Tambaya, wanda kullum sai ya rage rabin tuwo, ya yi loma ta gefe, ya leƙa, ya ƙara loma. Bai tsaya ba sai da ya suɗe farantin tas. Ya ɗaga shi ga haske ya daɗe yana kallo.

"Kubra!"

"Na'am, Baba."

"Gobe ma a nan za a zuba min. Ban gama duba ganyen ba."