Gurbin Mai Tarewa

Ƙwallon gora, wato ta wasan hoki, ba ta tsayawa da kanta a kan jiƙaƙƙiyar ciyawar roba. Kowa a garin Taiping ya san wannan, har masu sayar da ruwan rake a bakin filin. Don haka ne ma ake fesa wa filin ruwa kafin wasa, domin ta yi ta sulɓi sai ta gamu da gorar da za ta tare ta.

Wannan maganar Koci Harnek yake juyawa a ransa ranar da Haji Mokhtar, shugaban ƙungiya, ya kira shi shagon shayi don su auna 'yan wasa, kamar yadda suka saba idan kakar wasa ta raba. Haji mutum ne da bai taɓa riƙe gora ba, amma ba wanda ya kai shi sanin yadda ake cin wasa daga kan kujera. Yana yagar gurasar roti yana yanke hukunci. Mai tsaron raga ya wuce yadda aka zata. 'Yan baya ba yabo ba fallasa. Da aka zo kan Hilmi sai ya ajiye kofinsa.

Hilmi shi ne mai turo ƙwallo a bugun kusurwa. Aikin na mutum uku ne: ɗaya ya turo daga layin baya, ɗaya ya durƙusa a bakin da'ira ya tare ta cak, na uku ya narka ta a raga. Bara da wannan bugun ƙungiyar ta ci kowa, domin mai tarewar Ridzuan ne, yayan Hilmi, kuma tun suna yara suke wannan aikin a tsakar gidansu. Ana saura kaɗan a fara kakar bana babbar mota ta bi ta kan babur ɗin Ridzuan a hanyar Kamunting. Aka yi addu'ar arba'in, aka ɗauko wani ɗan wasa, Thevan, aka sa shi a gurbin, kowa yana cewa ƙanin zai ɗauki nauyin biyu.

Bai ɗauka ba. Duk turin da Hilmi ya yi sai ƙwallon ta wuce Thevan ta hagunsa, taki guda, ba ƙari ba ragi. An ce Thevan ya matsa hagun. Ya gwada, ya dawo. Da Koci ya matsa masa da tambaya, sai ya ce shi dai ba ya son durƙusawa a wurin, kafaɗarsa tana yin sanyi kamar ya jingina da bangon rijiya. Tun daga ranar bai sake yarda an yi maganar ba.

Haji ya ce tausayi ba ya cin wasa, an yi wa yaron uzuri har uzurin ya gaji. A ajiye shi, a nemo wani.

"Harnek, in ba za ka iya faɗa masa ba, ni zan faɗa."

"Bari, Haji. Ni na koya masa riƙon gora, ni zan karɓe ta."

Ya faɗa da ƙarfin hali, amma zuciyarsa ta yi nauyi. Yana son yaron. Ya kuma san gidansu gora biyu ce rataye a falo, kuma uwarsu ba ta daina zuwa kallo ba, ko da yake idonta ba kan Hilmi yake tsayawa ba.

Bayan la'asar ya tafi filin. Ba ranar atisaye ba ce, amma ya san inda zai same shi. Hadari ya taru a kan duwatsu kamar kullum, mai gadi ya fesa ruwa ya tafi sallarsa. Hilmi ne kaɗai a layin baya, da kwandon ƙwallaye a gefensa.

Koci ya tsaya bakin shinge yana shirya kalmomi. Hilmi ya sunkuya, ya ɗaga kai ya dubi bakin da'ira, ya ɗan gyaɗa kai irin na wanda aka ba wa alama, sannan ya tura.

Turi ne mai kyau, ƙwallon tana tsaga ruwa tana barin layi a bayanta. Da ta kai bakin da'ira, taki guda hagu da inda Thevan yake durƙusawa, sai ta tsaya. Ba raguwa ta yi ba har ta ƙare. Tsayawa ta yi cak, ruwa ya fantsama gaba, da 'yar ƙarar nan ta roba a jikin gora wadda kunnen Koci ya sani fiye da muryar matarsa.

Ya ce a ransa ciyawar ce ta tattare a wurin. Ya shiga filin, ya taka wurin da takalminsa, ya shafa da hannu. Sumul yake. Sai dai gab da ƙwallon akwai wuri biyu da ruwa ya kwanta, zagaye, daidai girman gwiwa.

Sai Hilmi ya ɗaga murya daga layin baya: "Koci, ka ɗan matsa. Kana tsaye a gabansa."

Koci ya matsa. Daga baya abin da ya fi damunsa ke nan, yadda ya matsa ba tare da ya tambayi gaban wa ba.

Hilmi ya zo ya ɗauke ƙwallon, ya koma ya sake turowa. Ta tsaya. Ya sake, ta tsaya a wuri ɗaya, kamar an kafa ƙusa. Koci ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Amma ya zo da saƙo, kuma shi ba mai komawa da saƙo ba ne. Ya faɗa wa Hilmi abin da aka yanke, idonsa a ƙasa. Ya ce ba korarsa aka yi ba, hutu ne, baɗi ma rana ce. Duk irin ƙaryar da ake yi wa ɗan wasa sai da ya yi masa.

Hilmi bai yi gardama ba. Ya ce ya san abin da ake faɗa a shagon shayi, cewa hannunsa ya karkace.

"Hannuna bai karkace ba, Koci. Inda Yaya yake nake turawa. Ni kun auna ni kun ce na gaza, na ji. Shi fa? Bana ko sau ɗaya bai kuskure ba. Mai bugawa ne ba ya zuwa wurinsa."

"Ɗana, Ridzuan ya rasu. Da ni aka kai shi."

"Da ni ma."

Ya faɗi haka ba fushi, kamar mai tuna wa mutum abin da ya manta. Sannan ya koma layin baya, ya yi turi na ƙarshe, ya tattara sauran ƙwallayen a kwando, ya rataya gorarsa a kafaɗa. A bakin shinge ya juyo.

"Sai dai ka faɗa masa da kanka. Ni ƙaninsa ne, ba ya jin maganata. Kai kuwa bai taɓa barin fili ba sai ka sallame shi."

Ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa ta ɓace. Yayyafi ya fara sauka.

Koci Harnek ya daɗe tsaye a bakin da'ira. Shekarun da ya yi yana ajiye 'yan wasa sun ba shi kalmomi iri-iri, na mai rauni, na wanda girma ya kama, na mai taurin kai. Ya lalube su duka bai sami wadda ta dace ba. Ya ce a ransa gobe ma rana ce, yanzu dai ya kwashe kayan ƙungiya kada ruwa ya dake su.

Ya sunkuya, ya kama ƙwallon da hannu ɗaya zai ɗaga.

Ba a sakar masa ba.