Bukkar da Safara'u Ta Kafa a Falgore

Shekarar da cutar bushiya ta faɗa wa shanu, mahaifin Safara'u ya shiga rani da garke guda cur, ya fito da shanu huɗu da takarkari ɗaya. Rugarsu da ke bayan Burumburum ta yi tsit kamar an yi rasuwa. Da daminar 1984 ta kankama, Baffa ya ce wani mai dukiya can kudu ya ba shi kiwo, da an yi girbi za su tashi.

"Ke ma ki mayar musu da littattafansu," ya ce da Safara'u, wadda ta zo dogon hutu daga makarantar kwana. "Ba a barin 'ya mace a inda ba ta da kowa."

"Ba inda za ni, Baffa. Saura shekara biyu in gama."

"In an yi hutu ki sauka gidan wa?"

Safara'u ta saci kallon Inna, Inna kuwa tana ta kaɗa ɗan nonon da ya samu, ko ɗagowa ba ta yi ba. Safara'u ce 'yar fari, Inna kuma tana cikin matan da ke riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa ce wa kowa "'yata ce" ba. In tana son a ɗebo ruwa sai ta ce da ƙaramar, "Hajara, ce wa waccan tulu ya bushe."

Abin da ya fi ƙona wa Safara'u rai shi ne Baffa bai yi ƙarya ba. Shekararta uku a makaranta, ita ce ta ɗaya a lissafi, amma ko ƙawa ɗaya ba ta da ita. 'Yan birni suna ce mata 'Yar Nono. In ta wuce sai Baturiya, 'yar wani ɗan kasuwa a Bebeji, ta toshe hanci ta ce, "Wa ya zubar da man shanu a nan?" Ita kuwa sai ta ƙara miƙe wuya ta wuce. Ta rantse ba mai ganin hawayenta, ba kuma mai jin labarin gidansu daga bakinta.

Sati biyu bayan maganar Baffa aka kira 'yan Gaid na makarantarsu, wato ƙungiyar sikawut ta 'yan mata, zaman sansani na kwana goma a gefen dajin Falgore, kusa da Doguwa. Safara'u ta ɗaura ɗankwalin wuyanta ta fita da sassafe, ba ta yi wa kowa sallama ba. A ranta ta ce girbi da saura, in ta dawo a ƙarasa rigimar.

Malama Laraba, shugabarsu, ta raba su rukuni-rukuni, mutum shida a tanti ɗaya. Sai ga Safara'u da Baturiya a rukuni guda.

"Malama, a taimaka a canza ni," in ji Baturiya. "Hancina ba shi da ƙwari."

"Zai yi ƙwari kafin kwana goma," Malama ta ce, ta wuce abinta.

Ran kwana na uku da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Iskar da ta riga ruwan zuwa ta tumɓuke turakun tantinsu, ta keta shi gida biyu, ta rataye rabi a kan ƙaya. Ruwa ya jiƙa barguna da garin kwaki. Ranar a ɗakin ajiyar kayan abinci suka kwana a takure. Da safe Malama ta ce babu wani tantin, sai dai a rarraba su cikin sauran rukunai, su rasa tutar rukuninsu. Luba, ƙaramarsu, ta fashe da kuka.

Safara'u ta daɗe tana kallon gezar da ke bakin rafi. Ta san in ta buɗe baki ta ba su abin tsokana na shekara biyu. Duk da haka ta ce, "Malama, a ba ni adda."

"Ki yi me da ita?"

"Ɗaki. A wurinmu mata ke kafa ɗaki."

Ta sa aka saro tsumagun geza masu lanƙwasa. Ta zana da'ira a ƙasa da dunduniyarta, ta kakkafa su, ta tanƙwaro kawunansu suka haɗu a sama. Ta nuna wa Luba yadda ake ɓare bawon kalgo a yi igiya. Sauran suka yanko gamba, dami-dami. Baturiya ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallo, har Safara'u ta ce, "Ke mai hanci, riƙe nan."

"Ni?"

"In ba so kike ki kwana da buhun wake ba."

Aka yi dariya, Baturiya ta riƙe. Ciyawa ta yanke mata yatsa, ta yi ihu kamar an sare hannun, amma ba ta saki ba. Safara'u tana jera ciyawar daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya rufe kan na ƙasansa, tana ɗaurewa da irin ƙullin da ta gani a hannun Inna tun ba ta iya magana ba, zagaye biyu sannan a soke bakin igiyar ta ciki. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya koya mata. Kallo ne kawai daga nesa, kamar yadda ta sami komai daga Inna.

Kafin la'asar bukka ta tsaya. Da ruwa ya sake saukowa, tantunan sauran suka yi ta ɗiga, su shida kuwa suna ciki a bushe, suna jin ƙamshin ɗanyar ciyawa.

"Wallahi 'Yar Nono, kin iya," in ji Baturiya. Sai ta yi saurin gyarawa. "Safara'u, nake nufi."

Daga ranar abubuwa suka sake. Ita ke nuna musu itacen da ke kamawa ko da ya jiƙe, da sawun gada a laka, da ganyen da ba a taɓawa. Su kuma suka koya mata waƙoƙin gaɗa na cikin gari, suna dariyar yadda take karya su. Ta ji muryarta tana dariya da ƙarfi, har abin ya ba ta mamaki. Amma maganar tashin su Baffa ba ta gaya wa kowa ba.

Ran kwana na takwas aka tafi hawan dutse tun da hantsi. Baturiya ce kaɗai ta zauna a rukuninsu, saboda ƙaya ta soke ta a ƙafa, aka bar mata girki. Da suka dawo bayan la'asar, a gajiye, ta tare su da murna.

"Ku zo ku sha garaɓasa! Wata mai tallar nono ta ba mu kindirmo kyauta, har da ƙwaryar."

Safara'u ta dubi ƙwaryar da ke ƙofar bukka. A gefenta akwai tsaga da aka ɗinke da zare baƙi. Ita ta fasa ta tana 'yar shekara bakwai.

"Yaushe ta zo?"

"Kuna tafiya. Ta daɗe fa, har azahar. Na ce mata mun riga mun saya a wurin wasu, ta ce ba komai, ta zauna a gindin bishiyar can. Wata irin mata, ba ta son magana."

"Ta tambayi wani?"

"Ko ɗaya. Na ce, 'Inna, wani kike nema?' Ta ce a'a, wucewa suke, mutanenta suna gaba da shanu a burtali. Sai ta tashi ta zagaya bukkar nan, tana taɓa ɗaurin. Har ta kwance ɗaya ta sake ɗaurewa, ga shi can saman ƙofa. Ta ce wa ya kafa. Na ce ƙawarmu ce. Ta ce, 'Ƙawarku?' Na ce ƙwarai, tare muke kwana, tare muke ci, ba don ita ba da mun watse. Ta sake cewa, 'Ƙawarku ce?' kamar ba ta ji ba. Na ce har gidanmu zan kai ta Bebeji ta ga Hajiyata. Shi ke nan ta ajiye ƙwaryar, ta ce a ce wa mai ɗakin ɗaurinta ya yi, a kuma ce mata ta zauna da mutanenta." Baturiya ta tsaya, ta ga fuskar Safara'u. "Lafiya? Kin san ta ne?"

Safara'u ta fita da gudu, ta ratsa rafi, ta bi ta cikin gonar dawa har ta faɗa burtali. Ga sawu nan a laka, bai ko bushe ba: shanu huɗu, takarkari mai nauyin kaya, takalmin robar Baffa, 'yar ƙafar Hajara. Can gefe, sawun mutum ɗaya mara takalmi, wanda ya fito daga wajen sansani ya bi bayansu da sauri. Ba su jira girbi ba.

Ta san tafiyar shanu. In ta sa ƙafa yanzu, kafin duhu za ta cim musu a inda za su yada zango. Za ta ga Inna. Inna ba za ta ce komai ba, za ta ce da Hajara ta ba waccan tabarma. Gobe kuma sai kudu, makaranta ta zama labari.

Ta yi taku goma ta tsaya. Inna ta bar tafiya, ta zauna rabin yini a gindin bishiya a cikin baƙin mutane, kunya ta hana ta faɗin sunan da ta zo nema. Ta zo ne ta ga ko maganar Baffa gaskiya ce, ko 'yar nan ba ta da kowa. An ba ta amsa, ta tambaya sau biyu don ta tabbata, sannan ta tafi ta bar ta.

Ta ji motsi a bayanta. Baturiya ce, tana ɗingishi, ƙafarta ɗaure da tsumma, Malama Laraba na biye da ita.

"Mahaifiyarki ce," in ji Baturiya. "Wayyo Allah, na ce mata mun riga mun saya. Ko ruwa ban ba ta ba. Don me ba ta faɗa ba?"

"Ni ce ta fari."

Malama ta sauke numfashi. Ta ce, "In kina son binsu, ni da kaina zan raka ki. Ba mai ganin laifinki."

Safara'u ta dubi sawun har inda ya shige cikin daji. Sannan ta juyo ta dubi Malama.

"Ta ce in zauna."

"To hutu fa?" Malama ta tambaya a hankali.

"Gidanmu," in ji Baturiya. "Na riga na faɗa wa Inna. Ba zan zama maƙaryaciya a wurinta ba."

Sai a lokacin hawayen suka zo. Safara'u ba ta rufe fuska ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ta tsaya a tsakiyar burtali ta yi kukanta a gabansu, Baturiya na riƙe da hannunta tana nata.

Safara'u ta gama makarantar. Hutu shida ta yi a Bebeji, a ɗakin Baturiya. Inna kuwa ba ta sake ganinta ba, zazzaɓi ya ɗauke ta a kudu a damina ta biyu, labarin bai iso ba sai bayan wata uku.

Amma ranar da aka tashi daga sansanin ba ta san haka ba. Doka ce a bar wuri yadda aka same shi, saboda haka suka rushe bukkar su shida, suna zare ciyawa suna kwance igiya. Da suka zo kan ɗaurin da ke saman ƙofa, Luba ta kai hannu, Safara'u ta riƙe ta. Ta karɓi addar Malama ta yanke tsumagiyar ta sama da ta ƙasa, ta ciro ƙullin yadda yake, ta sa shi cikin ƙwaryar ta rufe da faifai. Sannan ta ɗora a ka, ta bi sauran zuwa mota.