Jan Ɗigo a Tsallaken Titi

"Malam Hayatu, karɓa mana, hannuna ya gaji," in ji Beauty, tana miƙo min kwamfutar mijinta Tizhe, kwana uku da binne shi.

Ban so karɓa ba. Tizhe maƙwabcina ne a Yelwa, kuma a shagona na buga katin biki ya koyi kunna kwamfuta. Amma da masu shirya fim suka zo neman mai zane mai motsi, don nuna yadda hukuma ke bin sawun mutane ta wayoyinsu, shi suka ɗauka. Ni aka bar ni da kalandar 'yan siyasa. Abin ya ci min rai, ba zan ɓoye ba. Wata biyu in na hango shi ta taga sai in duƙufa kan aikin ƙarya. Ko da ciwon hanta ya kwantar da shi, sau ɗaya na leƙa, shi ma a tsaitsaye.

"Maman Eva, gwanaye sun cika Abuja. Ni me na iya?" na ce mata.

"Shi ya ce kai za ka ƙarasa aikin. Ya ce kala ya gagare shi, kai ka san kala. Saura kaɗan ne."

Na kunna. Taswirar Mubi ta buɗe, tituna suna zana kansu ɗaya bayan ɗaya. Kyan aikin ma haushi ya ƙara min. Sai wani jan ɗigo ya fito daga layinmu.

"Wayar wa ya bi?"

"Nashi. Ya ce ba zai sa wani a wahala ba."

Ɗigon ya je kasuwa, ya je coci, ya je asibiti. Da la'asar ya biyo hanyar shagona, ya tsaya a tsallaken titi. Rubutu ya bayyana a gefe: minti shida. Ya juya gida. Washegari ma haka, har ƙarshen wata.

"Me yake yi a nan?"

"Yana zuwa ya nuna maka aikin. Kullum zai dawo ya ce kana bizi, sai gobe."

Ta gyara ɗankwalinta ta fita. Na tsayar da hoton, na dubi tsallaken titi ta taga. Wani mai keke Napep ne a wurin, yana goge gilashi. A kan allo kuwa, ɗigon na nan yana ƙyaftawa.